Kujera 44, Kansila 484: Magana a kan Zaɓen Ƙananan Hukumomin Kano

 Malamai da almajirai, ina so in yi magana da ku a kan wani lissafi, gama ku ne mutanen da suka saba da hisabi, kun san rabon gado, kun san inda nusufi ya tsaya da inda sulusi ya fara, ba a ruɗa ku da adadi.

Ga lissafin. Ran Asabar 26 ga watan Oktoba, shekara ta 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Kujerun shugabanni 44 ne, na kansiloli kuwa 484, watau kowace mazaɓa kansila guda. Da aka gama, hukumar zaɓe ta jiha, wadda ake ce wa KANSIEC, ta shelanta cewa jam'iyyar NNPP, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ci zaɓe a cikinta, ta kwashe kujerun nan duka, 44 ɗin da 484 ɗin, ba ta bar wa kowa ko guda ba. Cikin ƙananan hukumomi 8 na birni da kewayensa, watau Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, haka abin yake. Tun daga Jakara da Yakasai da Zango har Doguwa can kudu da Ɗambatta can arewa, launi ɗaya.

Wanda bai daɗe da buɗe ido ba sai ya ce lalle wannan jam'iyya ta kai matuƙa wajen farin jini. To, bari mu waiwaya kaɗan. A watan Mayu na 2014, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, sa'ad da yana cikin APC, aka yi irin wannan zaɓe, APC ta kwashe duka. A watan Fabrairu na 2018, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, APC ta kwashe duka, kuma wannan shi ne zaɓen da hotunan yara ƙanana suna dangwala yatsa suka bazu ko'ina cikin ƙasa. A watan Janairu na 2021 ta sāke kwashe 44 da 484. Sa'an nan a 2024 ga abin da na faɗa muku. Zaɓe 4 cikin shekara 10, gwamna 3, jam'iyya 2, amma adadin bai motsa ba. Sunan mai shi kaɗai ke sākewa, kuma kullum mai shi ɗin shi ne wanda ke zaune a gidan gwamnati.

Yanzu ku ɗauki wani allon ku aza kusa da wannan. Zaɓen gwamna ba hukumar jiha ke yin sa ba, hukumar ƙasa ce, watau INEC. A watan Maris na 2019, shekara guda da wata guda bayan APC ta share mazaɓun Kano kaf, aka kara tsakanin Ganduje da Abba, abin ya yi kankankan har aka ce zaɓe bai kammala ba, sai da aka koma wasu wurare ran 23 ga wata, babba daga cikinsu mazaɓar Gama ta ƙaramar hukumar Nasarawa. Daga ƙarshe aka ba Ganduje ƙuri'a 1,033,695, aka ba Abba 1,024,713. Tsakaninsu 8,982 tak. A watan Maris na 2023 kuma Abba ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya sami 890,705. Kadan ka haɗa ƙuri'un mutum biyun nan, cikin kowace 100 kusan 47 na Gawuna ne.

To, ya ku masu hisabi, ga tambaya. Jama'ar da ta rabu kusan biyu daidai a watan Maris na 2019, yaya aka yi ta zama baki ɗaya a watan Janairu na 2021? Wadda ta zama baki ɗaya a 2021, yaya aka yi ta kā da wannan jam'iyyar a 2023? Mutum 890,705 da suka bi Gawuna, ina suka shiga bayan wata 19, har babu mazaɓa guda cikin 484 da suka fi yawa a cikinta? Ba su yi hijira ba, ƙasa ba ta haɗiye su ba. Suna nan a unguwanninsu, muna haɗuwa da su a kasuwa da wurin suna da wurin jana'iza.

Akwai amsa, kuma wajibi ne in kawo ta, domin kada in zama mai tauye mudu. Amsar ita ce babbar jam'iyyar hamayya ba ta shiga ba. A 2024 APC ta ƙaurace, ta ce ba ta yarda da hukumar ba. A 2021 kuwa mutanen Kwankwasiyya, sa'an nan suna cikin PDP, su ne suka ƙaurace, da irin wannan hujja. Wanda ya shiga fage shi kaɗai, ai ba mamaki in ya fito da kambu. Saboda haka ni ban ce wane ya saci akwati ba, ban kuma ce wane ya cika takarda a ɗaki ba. Tuhumata ba ta kan mutum guda. Amma ku lura da kyau: hujjar da wannan ya kawo jiya yana waje, ita ce wancan ya kawo yau da ya koma waje, kuma kowannensu da ya shiga ciki sai ya manta da ita. Ashe su biyun sun yi ittifaƙi a kan abu guda, watau cewa wanda ba ya riƙe da gwamnati ba shi da rabo a wannan zaɓe. Shaidar abokan gaba biyu in ta haɗu a kan magana ɗaya, ba a yin wasa da ita.

Mene ne asalin cutar? Tana cikin tsarin mulkin ƙasa na 1999 kansa. Sashe na 7 ya lamunce cewa ƙananan hukumomi za su kasance a hannun majalisun da jama'a suka zaɓa. Madalla. Amma sashe na 197 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, sashe na 198 kuma ya ba gwamna ikon naɗa shugabanta da wakilanta, majalisar dokokin jiha ta tabbatar. Majalisar nan kuwa galibi jam'iyyar gwamna ke da rinjaye a cikinta. Kuɗin aikin hukumar daga baitulmalin jiha yake fitowa. Dokar da za a yi zaɓen da ita majalisar jiha ke yi. Ranar zaɓen ma ba ta tabbata sai gwamnati ta shirya.

Almajirin da ya kai babin hukunce-hukunce da shaidu a cikin Risala ya san ba a karɓar shaidar mutumin da ke jawo wa kansa amfani da shaidarsa, ko yake tunkuɗe wa kansa cuta da ita. Ba a karɓar ta ɗa ga uba, ba a karɓar ta uba ga ɗa. Malamai ba su ce don kowane uba maƙaryaci ne ba. Ana samun uban da zai faɗi gaskiya ko da a kan ɗan cikinsa. Illa dai tuhuma ta riga ta shiga, kuma shari'a ba ta gina hukunci a kan abin da tuhuma ta shiga. Haka hukumar zaɓen jiha take. Ko da waliyyai aka zuba a cikinta, muddin mai ƙara ne ya naɗa su, shi ne kuma yake ciyar da su, abokin shari'arsa ba zai natsu ba, mai kallo ma ba zai natsu ba. Balle fa sau 4 a jere hukunci yana faɗawa gefen wanda ya yi naɗin.

Abin da ya faru a kotuna gab da zaɓen 2024 ya isa misali. Ran 22 ga Oktoba, saura kwana 4, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, a ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda, ta yanke cewa shugaban hukumar, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da wakilanta ba su cancanci zama ba, bisa hujjar cewa 'yan jam'iyya ne. Kafin ranar zaɓe sai Babbar Kotun Jiha ta ba da nata umurnin cewa a yi zaɓe. Aka yi. A 2025 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin farko, ta ce Kotun Tarayya ba ta da hurumin wannan shari'a tun asali. Ni ba alƙali ba ne, ba na tsoma baki a kan wace kotu ce ta dace. Abin da nake so ku gani shi ne talakan da ya tashi da safe ran Asabar ɗin nan, yana da umurnin kotu biyu masu karo da juna a kunnensa. Da yawa irinsa sai su ce bari mu zauna gida, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba.

Sa'an nan ga maganar kuɗin takarda. Hukumar ta fara yanka wa mai neman shugabanci naira miliyan 10, mai neman kansila naira miliyan 5, sai da aka kai ƙara kana aka rage kaɗan. A wannan shekara ta 2024 ne aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasa kan naira 70,000 a wata. Ku raba miliyan 5 da 70,000, za ku sami wata 71 da 'yan kwanaki, watau kusan shekara 6 mutum yana aiki bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya sayi takardar neman kansilan unguwarsu. Malamin makarantar allo ba ya iyawa. Tela ba ya iyawa, mai shayi ba ya iyawa, malamin firamare da ya yi shekara 20 yana koyar da 'ya'yan unguwa ba ya iyawa. Wanda zai iya sai mai dukiya, ko kuwa wanda wani mai dukiya ya saya masa. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kansilan da aka saya wa takarda, ran da bukatar unguwa ta yi karo da bukatar wanda ya saya, kun san inda zai fuskanta.

Wataƙila wani almajiri ya ce, to, mu ina ruwanmu da kansila? Ai ƙaramin abu ne, maganar manya ita ce gwamna da shugaban ƙasa. Wannan kuskure ne babba, kuma a nan nake so in daɗe. Jadawali na 4 na tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwata da maƙabartu da bayan gida na jama'a, da kwashe shara, da gyaran lambatu da hanyoyin cikin unguwa, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da rubuta haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu cikin makarantun firamare da yaƙi da jahilci da ɗakunan shan magani. Ku duba jerin nan da kyau. Babu ɗaya a ciki da ba ya taɓa ƙofar gidanku. Lambatun da ya toshe ya mai da ruwa cikin zauren da kuke karatu da damina, aikinta ne. Jujin da ya tsaya kusa da makaranta har ƙuda ya hana yara cin abinci, aikinta ne. Maƙabartar da katangarta ta faɗi awaki suna ratsawa, aikinta ne. Shugaban ƙasa yana Abuja, ba zai taɓa jin warin lambatun Jakara ba. Kansila kuwa a nan yake kwana, ko dai ya kamata a ce a nan yake kwana.

Kuma ba aiki ne marar guzuri ba. Daga asusun tarayya, bisa ƙa'idar rabon da aka daɗe ana bi, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuwa 20.60, watau fiye da humusi. Kano da ke da 44 ta fi kowace jiha yawansu. Amma sashe na 162 ya ce kuɗin nan su bi ta wani asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta wannan ƙofa gwamnoni suka riƙe wuyan jakar shekara da shekaru. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kantomomin riƙo da gwamnoni ke naɗawa haram ne a doka, ba za a ba su kuɗin ba. Jama'a suka yi murna. Jihohin da suka daɗe ba su yi zaɓe ba suka tashi da gaggawa, shi ya sa watan Oktoba na wannan shekara ya cika da zaɓe. To, me aka samu? A Kaduna ran 19 ga wata APC ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 255. A Kano bayan mako guda NNPP ta kwashe nata. Kotu ta hana naɗi da takarda, sai aka koma naɗi da akwati. Shekara ta zagayo, har Yulin 2025, biyan kai tsayen ma bai kankama ba a mafi yawan jihohi. Ko da ya kankama, in wanda zai karɓi kuɗin ya san ba ƙuri'ar unguwa ce ta kai shi ba, jakar ta sauya hanya ne kawai, masaukinta yana nan.

Tsofaffi daga cikinku sun ji labarin zamanin En'e daga bakin iyayensu, sa'ad da hakimi da dagaci da mai unguwa duk daga sama ake naɗo su. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a gyara wannan tsari, kuma a cikin watan ne aka kafa NEPU a nan Kano da kukan talaka. A 1976 aka yi gyaran da ya haifi ƙananan hukumomin da muka sani. Duk wahalar nan an sha ta ne domin mutumin unguwa ya sami bakin magana a kan wanda ke riƙe da al'amarinsa. Mai unguwa na dā ma, ko ba kome, ba wanda ya ce maka kai ka zaɓe shi.

Kada kuma wani ya ce ai halin mutanenmu ne, ba su iya raba ƙuri'a ba. Ga Abuja. Majalisun yankinta 6 ne, kuma su kaɗai ne INEC ke yi wa zaɓe. A watan Fabrairu na 2022, APC tana riƙe da ƙasa, aka yi zaɓensu, PDP ta ci 3, watau Birnin Abuja da Bwari da Kuje, APC ta ci 3, watau Gwagwalada da Kwali da Abaji. Ga Kaduna kuma. A 2018 da 2021, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, aka yi zaɓen da na'ura mai ƙidaya, kuma sau biyun 'yan hamayya sun ci wasu ƙananan hukumomi, har a 2021 jam'iyyar gwamna ta faɗi a rumfar da shi kansa ya jefa ƙuri'a. A 2024 aka ajiye na'urar, aka koma 23 cikin 23. Mutanen dai su ne, unguwannin su ne. Abin awon ne ya sāke.

Saboda haka wasu suna cewa a karɓe wannan aiki daga jihohi a miƙa wa INEC. Ina ganin ya fi abin da ake ciki, amma ba na ɗaukarsa maganin kowace cuta. Shugaban INEC ma shugaban ƙasa ke naɗa shi, Majalisar Dattawa ta tabbatar, watau tuhumar nan ta hau bene ne kawai, ba ta fita daga gidan ba, kuma wanda ya ga Gama a 2019 ba zai ce hukumar ƙasa ba ta da nata tabon ba. Har wa yau hanyar tana da tsawo. Gyaran tsarin mulki yana bukatar sulusi biyu na kowane zaure na Majalisar Ƙasa, sa'an nan majalisun jihohi 24 cikin 36 su yarda. Majalisun nan kuwa su ne muka ce suna hannun gwamnoni. An ba kura ajiyar nama, ana kuma jiran ta sa hannu a takardar karɓe shi.

Ba kuma na sallami 'yan hamayya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙauracewa tana da sauƙi, kuma tana ba mai mulki abin da yake so ba tare da ya yi gumi ba. Jam'iyyar da ta tara ƙuri'a dubu ɗari takwas da casa'in tana da mutanen da za ta tsayar a kowace rumfa, su ƙidaya da idonsu, su rubuta, su fito da nasu adadin a gaban jama'a. In an danne su, an danne su da shaida a hannu. Amma wanda ya zauna gida ba shi da abin da zai nuna wa alƙali, ba shi da abin da zai nuna wa tarihi.

Abin da nake nema, wanda ba ya bukatar jiran Abuja, guda uku ne, kuma majalisar dokokin Kano tana iya yin su da dokarta. A wajabta wa hukumar zaɓe ta liƙa adadin kowace rumfa a jikin bangon rumfar tun kafin a ɗauke akwati, sa'an nan ta buga na kowace mazaɓa, wane ya sami kaza, wane ya sami kaza, mutum nawa suka fito cikin nawa da aka rubuta, domin faɗin cewa jam'iyya kaza ta cinye duka ba lissafi ba ne, shela ce. A mai da kuɗin takardar kansila abin da mai albashin wata zai iya biya da guminsa. A kuma hana naɗa duk wanda ya riƙe katin jam'iyya cikin shekarun kusa, a sa wa abin adadin shekaru a rubuce, kada a bar shi ga fassarar lauyoyi saura kwana 4.

Ku kuma malamai, kuna da abin da ɗan siyasa ba shi da shi, watau zaure cike da mutane safe da yamma ba tare da kun raba ko sisi ba. Ban ce ku kira jama'a zuwa ga wata jam'iyya ba, wannan ba aikin wannan takarda ba ne. Amma ku tambayi manyan almajiranku, waɗanda suka isa jefa ƙuri'a, sunan mazaɓarsu da sunan kansilanta da inda gidansa yake. Wanda bai sani ba ya je ya binciko, kamar yadda kuke tura shi neman ma'anar kalma a ƙamus. In an samo, a tara dattawan unguwa biyar ko shida, a rubuta takarda guda a kan abu guda, lambatu ne ko juji ko katangar maƙabarta, a sa kwanan wata, a kai masa hannu da hannu, a ajiye kwafinta a cikin gafaka. Bayan wata 3 a koma da kwafin.